Akwatin Rawa

Tsufa ya ci mini abubuwa da yawa. Sunayen jikokina ma sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake nufi. Amma ranar da na rufe gadar hanyar Lolo, ranar kasuwa, wannan kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta, akwai mutum ɗaya a garinmu Geza da ba zai bar ni ba. Sunansa Ummaru, ɗan goggona ne, wato taubashina, kuma ina kyautata zaton Allah ya ba shi tsawon rai ne musamman don wannan aikin.

Shekarun da aka karɓi mulkin kai ne. Sabuwar tuta ta hau ofisoshi, Turawa na ta ɗaure kaya, duk yaron da ya iya rubuta sunansa da boko gani yake saura ƙiris a kira shi a ba shi kujera. Ni da Ummaru tare muka gama makaranta, aji ɗaya, benci ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, bai fi ni ƙwaƙwalwa ba, ni ma ban fi shi ba. Abin da ya fi ni shi ne farin jini. Zai shiga wuri bai ce uffan ba, a tashi a shimfiɗa masa tabarma. Ni kuwa sai in yi sallama, in sake, sannan wani ya waiwayo ya ce, "Af, ashe da mutum." Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, tun muna yawo ba wando.

Akwai kuma wani ciwo nawa da ya kamata ku sani tun yanzu. In abu ya tsaya mini a rai, bakina ba ya magana, fuskata ma tana iya yin murmushi, amma ƙafata ta dama sai ta hau kaɗawa. Diddige sama, diddige ƙasa, gwiwa na tsalle, ni kuma ban san tana yi ba. Goggo Hajo, uwar Ummaru, ita ta fara gano ni. In ta raba mana nama ta ga gwiwata ta tashi, sai ta ce, "Kai, aje ƙahwag ga. Tsokarka da ta ɗan'uwanka duk ɗaya na yanka su." (Ba ɗaya ba ne. Har gobe ina nan kan bakana, tasa ta fi girma.)

To, a kan hanyar da 'yan kasuwa ke bi daga wajen Bagudo zuwa Lolo, har su wuce iyakar Dahome, ƙasar da yanzu ake ce wa Benin, akwai wani rafi da ke faɗawa kogin Kwara. A kansa aka ɗora gadar ƙarfe, irin mai katangar ƙarafuna a giciye hagu da dama, ƙasanta katako, faɗinta na mota ɗaya. Gada ce mai kyau, sai dai tana da hali. Da zarar iskar hadari ta taso a ƙarshen bazara, sai ta fara kuka, wani irin wuuu mai sa tsigar jiki tashi, ka kuma ji tana motsi a ƙarƙashin ƙafarka. Jakuna su turje, mata su ce masu wurin ne suka fito shan iska.

Ofishin ayyuka ya turo mana injiniya, wani saurayi Bazazzagi, cikin 'yanmu na farko da suka gaji kujerar Bature. Shi ya ce ba aljanu ba ne. Iska ce ke ratsa tsakanin ƙarafunan tana kaɗa su kamar tsirkiyar molo, in kuwa aka bar su suna rawa shekara da shekaru, noti zai kwance, ƙarfe ya gaji. Abin da yake son sani shi ne irin ƙarfin iskar da ke sa gadar rawa, da iyakar rawar, don ya san inda zai ƙara mata tokara.

Sai ya kawo kaya biyu. Na farko doguwar sanda ce mai 'yan kofuna a ka, in iska ta kaɗa su juya, wani ɗan agogo a ƙasa ya nuna ƙarfinta. Wannan a bakin gada aka kafa ta, ɓangaren Lolo. Na biyun kuwa akwati ne mai murfin gilashi, an ɗaure shi da noti a kan wani kakkauran katako a tsakiyar gada, gefen hanya. A cikinsa akwai gwangwani naɗe da takarda yana juyawa a hankali, da wata allura mai tawada a baki. In gada na zaune lafiya, allura ta ja layi miƙaƙƙe. In ta motsa, allura ta yi sama ta yi ƙasa. A gefen takardar akwai jan layi. Injiniya ya ce, "In allura ta tsallake wannan, a busa usur, a ɗaga jar tuta, a rufe gada. Ko hakimi ne a kai, ya sauka."

Yara biyu masu boko yake nema su lura da kayan, sai aka kai masa ni da Ummaru. Ya ce gwaji ne. In ya dawo zai zaɓi ɗaya ya zama malamin gada na dindindin, da kaki, da keke na zagaya sauran gadojin yankin. Keke, jama'a! A lokacin a duk Geza masu keke ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Sannan ya dube mu, ya miƙa wa Ummaru mabuɗin akwati da usur. Ni ya miƙo mini jar tuta, ya nuna mini sanda mai kofuna.

Na ce, "Na gode, Yallaɓai," har da rusunawa. Gwiwata kuwa tana can tana nata bayanin.

Kada ku ce na cika mita, ku saurari yadda abin ya kasance. Mutane suka ji ana cewa akwatin na auna rawa, sai suka laƙaba masa suna akwatin rawa. Wasu sun ɗauka garmaho ne. Za ka ga mai jaki ya tsaya ya leƙa ya ce, "Malam, yaushe za a kunna muna?" Ummaru ya yi dariya ya ciro mabuɗi daga wuyansa (a wuya ya rataye shi, da jan zare, don kowa ya gani), ya buɗe murfi ya hau bayani. Ya yi wa Bahaushe da Hausa, ya yi wa mutanen hayi da yarensu na Dendi, in 'yan Dahome suka zo ya jefa musu 'yar Faransancin da ya tsinta a kasuwa. 'Yan matan Fulani masu tallar nono su ajiye ƙore su kewaye shi. Tun ba a je ko'ina ba aka fara kiransa Malamin Gada.

Ni fa? Ina can bakin gada cikin rana, ni da sandata. Aikina in dubi ɗan agogo in rubuta ƙarfin iska safe da rana da yamma, in kuma kasa kunne ko usur zai yi kuka. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni komai, sai wani tsoho da ya ɗaga kai ya dubi kofunan ya ce ko na sayarwa ne. Sunana a bakin mutane Mai Tuta, kamar wani ɗan aiken masu gyaran hanya. Ina hango taron da ke kewaye da Ummaru, ina jin dariyarsu, zuciyata na tafasa. Ƙyashi ne, ba wani abu ba, ni na san sunansa tun a lokacin.

Har addu'a na riƙa yi, Allah ya yafe mini. Ba addu'ar Ummaru ya mutu ba, a'a, ban kai can ba. Addu'ata ita ce Allah ya kawo iska mai ƙarfi a daidai lokacin da Ummaru ya zaga bayan gari, ni in ga allura, ni in rufe gada, ni in ceci jama'a. Na tsara yadda zan tsaya a gaban hakimi, na tsara yadda zan sunkuyar da kai in ce ba komai, aikina ne. An yi iska kam, gada ta yi kukanta, amma allura ba ta taɓa kai jan layi ba, kuma Ummaru bai taɓa zagawa ba. Mutumin nan ko ciwon ciki ba ya yi.

Ranar da Injiniya zai dawo ta faɗo ranar kasuwar Lolo. Da hantsi gada ta cika maƙil: jakuna da buhunan gishiri, masu goro, masu tukwane, mata da kwandunan kifi. Zafi kamar a gasa mutum, ko ganye ba ya motsi. Na sa farar rigata, na soka alƙalami a aljihu yadda kansa zai fito. Can sai ga jif ta tsaya a ɗaya bakin, ɓangaren Bagudo. Injiniya ya fito, wakilin hakimi ya fito da rawaninsa. Injiniya ya ɗaga hannu ya yafito Ummaru, shi kuwa ya kulle akwati ya ruga.

Daga inda nake ba na ganin komai sosai, jakuna sun tare ni. Na ce bari in ɗan matsa. Na ɗan matsa, na ƙara ɗan matsawa, sai ga ni a tsakiyar gada da tutata a hammata. Ba wurin zama sai katakon nan da aka ɗaure akwati a kai, wanda aka ce ko kaza kada ta hau. Na zauna a bakinsa, akwati na gefena. Na ce a raina, yau dai ni ma na ɗana kujerar malam.

Daga nan na ga komai tar. Sun buɗe bayan jif, Ummaru ya sa hannu ya sauko da shi. Keke baƙi wuluk, sabo fil, ƙarafunansa na walƙiya, har da 'yar jaka a bayan sirdi. Ummaru ya kama ƙahonsa, ya shafa sirdin da tafin hannu, Injiniya ya dafa kafaɗarsa ya faɗi wani abu suka yi dariya. Sai Ummaru ya sa babban yatsa ya kaɗa ƙararrawa. Ƙiririn! Har tsakiyar kaina na ji ta. Na ce shi ke nan, an ba shi. Tun ina yaro ake ba shi tsoka mai girma, yau an ba shi sa gaba ɗaya.

Ina cikin wannan baƙin ciki sai na ji wani ƙarat-ƙarat a gefena. Na leƙa gilashi. Allura ta haukace! Sama, ƙasa, sama, ƙasa, tana tsallake jan layi tana dawowa, tawada har tana fantsama. Na ƙara zura ido, sai ta ƙara ƙaimi. Tsoro ya kama ni, amma in gaya muku gaskiya, a ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi da ya taso mini har wuya. Ga allura ta tsallake, ga Ummaru ya bar aikinsa yana shafar keke, ga Injiniya, ga wakilin hakimi. Addu'ata ta ci, har da ƙari.

Ban ɗaga kai na dubi kofunana ba. Ni ne fa mai iska, aikina ke nan ɗaya tak a duniya, amma ko waiwayen sandar ban yi ba. Na zabura na warware tuta na kwarara ihu: "Gada na rawa! Gada za ta hwaɗi! Ku sauka! Kowa shi sauka!"

Wayyo, abin da ya biyo baya. Na gaba suka juyo baya, na baya suka danno gaba. Jaki ya yi tutsu ya zubar da gishiri, tukwane suka tarwatse, wani mai goro ya kama ƙarfen gada ya rufe ido yana kalmar shahada. Wani ƙato ya haura katanga ya dira cikin rafi, wanda a lokacin ruwansa bai kai gwiwa ba, ya kafe cikin laka yana kiran uwarsa. Yanzu kam gada ta yi rawa ta gaske, don ƙafafun mutane sun ishe ta. Wannan ya ƙara tabbatar mini ni gwarzo ne.

Cikin turmutsitsin na hango Goggo Hajo da kwandon kifinta na banda a ka, tana tafiyarta a hankali, don ita ba ta gudu ko gobara ake. Na ce ga damar da za ta cika labarin: ɗanta na can wurin keke, ɗan ƙanenta ya cece ta. Na sunkuya na saɓe ta a kafaɗa ba tare da na tambaye ta ba. Kwando ya yi sama, kifi ya koma rafin da ya fito, sai dai wannan karon a gashe. Ina gudu tana dukan bayana tana cewa, "Sauke ni, ɗan nema! Mi na yi maka? Sauke ni, na ce!" Haka na kai ta har gaban jif na dire ta gaban wakilin hakimi, wanda ya laɓe bayan mota rawaninsa ya karkace.

Na ƙame ina haki na ce, "Yallaɓai, allura ta tsallake jan layi. Ba kowa wurin akwati, ni na gani." Wannan "ba kowa" ɗin da gangan na ɗan ɗaga murya a kansa.

Injiniya ya ɗaga kai ya hangi sandata can hayi. Kofuna tsaye cik, har wani ɗan tsuntsu ya sauka a kan ɗaya yana gyara fiffike. Ya dubi jar tutar da ke hannuna, ta langaɓe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce, "Malam, iskar nawa ce yanzu?"

Muka ɗunguma zuwa tsakiyar gada, jama'a na biye da mu a ɗarare. Ummaru ya buɗe akwati, Injiniya ya duƙa ya daɗe yana duban takarda. Ya ce, "Iska ba ta rubutu haka. Tata rawar a hankali take hawa, ta sauka. Wannan kuwa ƙanana ne a jere da sauri, kamar ɗinkin tela. Mota ta wuce?" Aka ce babu. Ya girgiza kai ya ce, "To akwatin ya lalace ke nan. Ummaru, kai ke riƙe da mabuɗi. Me ka yi masa?"

Na ga fuskar Ummaru ta canza. A lokacin wallahi ban san gaskiyar abin ba, amma na ji wani sanyi-sanyi a raina, na ce ko ba komai keken ya fara juyowa.

Sai muryar Goggo ta ratso taro. Ta kutso tana gyara ɗankwali ta ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san boko ba, amma a tambayi wanga yaro, da ya ga allurar, tsaye yake ko zamne?"

Na ce, "Zaune."

"Ina?"

Na nuna katako da leɓe.

Ta tafa hannu ta ce, "Ai shi ke nan. Ku aje shi nan shi zamna. Ummaru, jawo keken ga."

Injiniya ya ce in zauna. Na zauna, na dafe gwiwoyina, na ce yau ko za ki karye ba za ki motsa ba. Allura ta ja layinta miƙaƙƙe, lafiya lau. Goggo ta ce, "Ɗauke hannunka." Na ɗauke. Shiru. Na fara jin ƙarfin gwiwa, har na ɗan yi murmushi. Sai Ummaru, wanda ya riga ya gane inda uwarsa ta dosa, ya turo keken har gabana, ya haye sirdi, ya gyara zama, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Taubashi, ya yi mini kyau?" Ya kaɗa ƙararrawa. Ƙiririn!

Ƙarat-ƙarat-ƙarat. Allura ta tsallake jan layi.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mai gishirin da na yi wa asara ya zauna dirshan yana riƙe ciki. Na cikin laka ma, da aka leƙa aka ba shi labari, daga can ƙasa ya kece. Wakilin hakimi ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Wata Badendiya ta fassara wa 'yan'uwanta, dariyar ta sake tashi sabuwa. Injiniya ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, ya cije leɓe, daga baya ya juya baya ya kama ƙarfen gada. Ni kuwa ina zaune ina kallon gwiwata tana tsalle kamar ba tawa ba, na rasa yadda zan yi in hana ta.

Amma ba dariyar ce ta fi yi mini ciwo ba. Da taro ya watse, ina tsintar fasassun tukwane, Injiniya ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, ka san me ya sa na kira Ummaru? Shi ya fi kusa, ina neman mai taya ni sauke kaya. Keken nan da kai na zo da shi a raina. Tsayuwa cikin rana ba mai kallonka ta fi wuya, kuma ba ka taɓa fashi ba. Amma mai iskar da zai rufe gada bai dubi iska ba, ka ga ai ba yadda zan yi." Ya dafa kafaɗata, daidai yadda ya dafa ta Ummaru ɗazu, ya tafi.

Da yamma Ummaru ya goyo ni a bayan keken har Geza. Ban so hawa ba, amma tafiyar da nisa. Duk wanda muka wuce sai ya kaɗa masa ƙararrawa ya ce, "A ba da hanya, ga malamin gada ɗauke da hadari." Sunan ya bi ni. Na yi shekaru ina koyarwa, na yi furfura a aji, amma a Geza har yau akwai tsofaffin da ba su san sunana na yanka ba, sai Malam Hadari. Goggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta daina tuna mini kifinta ba.

Gadar an ƙara mata tokara a shekarar, ta daina kuka, daga baya ma aka cire ta aka yi ta siminti. Ummaru dai yana nan. In ya zo mini da wani labari mai daɗi, ko an yi masa jika, ko gonarsa ta yi kyau, ba ya fara magana sai ya jawo kujera kusa, ya ɗora tafinsa a kan gwiwata ya danne, sannan ya ce, "To, taubashi, riƙe da kyau, albishirinka." In ce masa na girma da wannan, ya ce shi dai yana jin motsi. (Ƙarya yake. Wani lokacin dai.)

Abin da na koya bai da yawa. Ƙyashin bai tafi duka ba, na dai koyi zama nesa da duk abin da ke da allura. In kuma na ji duniya na rawa a ƙarƙashina saboda wani ya samu, kafin in ɗaga jar tuta sai in fara sunkuyawa in dubi ƙafata.